Faifan tera 3 da ya koma giga 746: a daina zargin 'yan kasuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu shagunan kwamfuta, musamman na nan arewacin Kamaru, kan wani abu da ya sa na ɗauki alhakin bawan Allah a tsakiyar kasuwa.

Sana'ata juyar kaset. Ina da ɗan shago a Garwa, mutane suna kawo mini tsofaffin kaset-kaset na bikin aure, na walimar saukar Alƙur'ani, na tafsirin azumi da aka ɗauka shekara ashirin ko talatin baya, in mayar musu cikin kwamfuta, in zuba musu a waya. Katin da ke karɓar hoto daga na'urar bidiyo ba ya aiki sai a Windows XP, wata tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta. Na san Microsoft ya daina kula da XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, shi ya sa ba na jona wannan kwamfuta da intanet ko kusa. Amma da ita nake ciyar da iyalina, kuma irina muna da yawa daga nan har Marwa: mai tsohuwar firinta, mai na'urar yin tambari, mai hoton fasfo, kowa da dalilin da ya ɗaure shi da tsohuwar manhaja.

Yadda nake juya, awa ɗaya ta bidiyo tana cin kusan giga 13, don haka wurin ajiya kullum ƙarewa yake. Na tara kuɗi na sayi faifan ajiya, wanda mu nan muke kira disk dur, mai tera 3, a wurin wani dattijo da ke kawo kaya daga Kano. Na ɗaura shi, na kunna, sai kwamfuta ta nuna mini giga 746. Na kashe na sake kunnawa, 746 dai. Raina ya ɓaci. Na hau mashin cikin zafin nan na watan Afrilu na nufi babbar kasuwa, na ajiye masa faifan a kan tebur, na ce ya sayar mini da jabu, a gaban maƙwabtansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, zauna ka sha ruwa tukuna." Yaronsa ya ɗauko kebul ya jona faifan da wata sabuwar kwamfuta, ya juyo mini da fuskarta: giga 2,794, wato cikakken girman faifan tera 3 a ƙirgen kwamfuta. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Baba Alhaji, ka yafe mini." Ya ce ya yafe, kuma ba ni ne na fari ba.

Wannan kalma tasa, ba ni ne na fari ba, ita ta sa na zauna na bi diddigin abin, kuma ita ta sa nake rubuto wannan wasiƙa.

Faifan ajiya a yanyanke yake zuwa ƙananan gurabu, kowane gurbi yana ɗaukar bait 512 (bait shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), kowanne da lambarsa. Tsohon tsarin raba faifai da XP ya sani, wanda ake kira MBR, ƙirgensa yana tsayawa ne a gurbi 4,294,967,296, wato giga 2,048, ko tera 2. In faifai ya wuce nan, sai abin ya zama kamar mitar mashin da ta cika ta koma sifili ta fara sabon ƙirge. Ku cire 2,048 daga 2,794, za ku ga 746. Ashe abin da kwamfutata ta nuna mini ragowar ƙirge ne kawai, faifan lafiyarsa ƙalau. Sabon tsarin da ya warware wannan shi ne GPT, kuma XP mai bit 32, wanda shi ne a yawancin shagunanmu, ba ya karanta shi. Windows 7 yana karanta shi in ajiya kawai za a yi, amma in daga faifan ake son kwamfuta ta tashi, sai tana da sabon tsarin tayar da kwamfuta da ake kira UEFI, kuma manhajar mai bit 64 ce.

Akwai wata iyaka da ta girmi wannan, kuma ta fi ta haɗari, ita ce ta giga 137. Tsoffin kwamfutoci da lamba mai bit 28 suke ƙirga gurabu, ƙirgen ya ƙare a 268,435,456. XP na farko da ya fito a 2001 nan yake tsayawa, sai da kunshin gyara na Microsoft mai suna Service Pack 1 ya zo a 2002 aka buɗe masa ƙirge mai bit 48. Windows 2000 kuwa sai an sa masa Service Pack 3, sannan a shiga rajistarsa, wato ma'ajiyar saitunansa, a kunna wani saiti mai suna EnableBigLba da hannu. Inda haɗarin yake shi ne, in aka ɗauko babban faifai cike da kaya aka ɗaura wa manhajar da ba ta san ƙirgen ba, tana iya zagayowa ta rubuta a kan farkon faifan, inda jadawalin komai yake. Ba za ta yi maka gargaɗi ba. Sai dai wata rana ka kunna ta ce faifan yana bukatar fomatin, wato a goge shi a sake tsara shi. Har yau tsofaffin faya-fayan CD na saka XP suna yawo daga hannu zuwa hannu a garin nan, ba wanda ya duba ko wane ne. Don Allah duk mai saka XP ya tabbata mai Service Pack 3 ne, na 2008, ya kuma duba ko BIOS ɗin kwamfutar, wato tsarin da ke tayar da ita in an kunna, yana ganin girman faifan daidai kafin ya zuba kayan mutane.

Na ce kayan mutane ne, domin abin da ke hannunmu amana ce. Wata dattijuwa ta kawo mini kaset guda a naɗe cikin ɗankwali, duk ya yi fumfuna a gefe. Muryar mijinta marigayi ce a ciki yana addu'a ranar auren 'yarsu. Sau ɗaya kaset ɗin ya yarda ya juyu, a karo na biyu zaren ya tsinke. In abin da na juya ya ɓata, ba inda za a sake samo shi.

Ga abin da na yi. Na bar wa XP faifai mai tera 2, a tsarin MBR, amma a Windows 7 na raba shi kafin in ɗaura, saboda sababbin faya-fayai gurabunsu na ciki bait 4,096 ne, in XP ya raba da kansa sai rabon ya karkace, aiki ya yi ta jan ƙafa. Na yi masa fomatin da tsarin ajiye fayil na NTFS, domin tsohon tsari na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, bidiyo zai yanke a tsakiya. Mai tera 3 kuma na sa shi a wata kwamfuta sabuwa-sabuwa a tsarin GPT, duk yamma in kwafe aikin ranar can.

Wasu za su ce ai akwai faifan waje mai tera 3 ko 4 da ke aiki da XP ta USB. Gaskiya ne, wasu akwatunan suna nuna wa kwamfuta manyan gurabu don ƙirgen ya isa. Sai dai zafinmu da yawan ɗauke wuta suna kashe waɗannan akwatuna, kuma in ka fasa ka ciro faifan ka ɗaura kai tsaye, kwamfuta za ta nuna shi kamar ba komai a ciki. Kayanka suna nan. Kada ka danna fomatin, ka nemi akwati irinsa ka mayar.

Ina roƙon 'yan kasuwarmu su riƙa tambayar mai saye wace manhaja ce a kwamfutarsa kafin su miƙa masa faifan da ya wuce tera 2. Baba Alhaji ya fara yin haka. Na ga yaronsa ya rubuta lambobin nan biyu, 137 da 2,048, a jikin kwali ya liƙa a ƙofar shago.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai shagon juyar kaset,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.