Zuwa ga Ummina, a kan numfashi da ƙwayar nan

Assalamu alaikum Ummina. Ya aiki, ya gajiya? Nan kowa lafiya. Ƙanwarki ta dawo ranar Lahadi, kuma abin da ta faɗa mini ne ya sa na ɗauki biro. Ta ce tun da aka mayar da ke aiki a ɗakin kulawa ta musamman na asibiti, idan kin sauko daga aikin dare sai ki kwanta ido biyu har azahar, kina cewa ƙarar na'urorin nan ba ta fita daga kunnenki. Ta ce kafaɗunki kullum a ɗage suke kamar mai jiran duka.

Kin san babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ke kike ƙirga na marasa lafiya. Ki ƙirga naki bayan an gama ceto wani, za ki same shi gajere, a saman ƙirji. Gyaransa a fitar da iska yake. Duk lokacin da kika ja fitarwar ta yi tsawo, jijiyar nan da ta gangaro daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki takan rage gudun bugun zuciya.

Ki zauna, ƙafafu a ƙasa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, na cibiyar ya taso, na ƙirjin ya tsaya kusan inda yake. Ki fitar ta baki kina ƙirga shida, leɓɓa a tsuke kamar mai hura kunu. Daƙiƙa 10 ke nan kowane zagaye, numfashi 6 a minti, 30 a minti biyar. Ki yi kafin ki shiga aiki, ki sake yi kafin ki kwanta. Idan shida ta yi miki tsawo, ki fara da uku da biyar. Ki haɗa shi da zaman da kike yi bayan sallama a kan darduma, don abin da ba shi da lokaci nasa, mantuwa ke cinye shi.

Inda mutane ke kuskure shi ne cika huhu da ƙarfi, suna zaton yawan iskar ne maganin. Sai jiri ya zo, yatsu da leɓɓa su fara tsikari, saboda an zubar da iskar kabon fiye da kima. Idan kin ji haka, ki tsaya, ki koma numfashinki na yau da kullum minti ɗaya, sannan ki ci gaba da ƙaramin shaƙa. A hankali ake so, ba da yawa ba.

A tsakiyar aiki ba ki da minti biyar, na sani. Ga na tsaye: ki shaƙa ta hanci, ki ƙara ɗan guntu a kai, sannan ki saki duka a hankali ta baki. Sau biyu ko uku ya isa, kuma ana yinsa da takunkumi a fuska. Ki yi kafin ki zuƙi insulin ko fotashiyam a sirinji. Wankin hannu da sabulu kuwa daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, numfashi huɗu zuwa shida ke nan kyauta, sau nawa kike tsayawa a famfon nan a dare ɗaya? Wani salon kuma na riƙe numfashi da ake ƙirga huɗu-huɗu, idan yana sa ki ƙunci, ki bar shi.

Amma ba don wannan kaɗai na rubuto ba. Ƙanwarki ta ce ta ga diazepam, ƙwayar nan mai sa barci, a jakarki. Ummi, ke ce? Ke da kika ga yadda kawunki ya ƙare? Kin fi ni sanin cewa cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da ita, kuma tana wuce kwana guda a jini, ke nan da ragowarta a jikinki kike komawa kan gadon wanda na'ura ke yi wa numfashi. Wa ya rubuta miki? Idan daga kabad ɗin magani na ɗakin aikinku ta fito, lasisinki da sunan gidanmu kika sa a caca. Za ki ce ni na matsa miki ki karanci jinya. Na matsa, kuma ban yi nadama ba, amma ban aike ki ki kashe kanki ba.

Idan kullum kike sha, kada ki yanke lokaci guda, yana iya kawo jijjiga. Ki ga likita a rage miki sannu-sannu, ki kuma gaya wa shugabar sashenku a duba jerin dararenki. Numfashi zai kwantar miki da jiki, amma ba ya biyan bashin barci. Awa 7 kike buƙata: labule mai kauri, waya a kashe, kofi ki bar shi awa 6 kafin kwanciya.

Ban gaya wa babanku ba. Na ba direba dambun nama da yajin daddawa ya kawo miki. Ki kira ni Juma'a bayan kin tashi barci, ba kafin ba. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki