Rahoton Ayyukan Shekara: Ruwa da Magani a Gabashin Sakkwato

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamanmu, da sauran 'yan uwa maza da mata.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da biyu da aka ɗage saboda azumi da rasuwa. Takardunsu na wurin sakatare.

Bari a fara da abin da ya faranta rai, wato aikin ruwa na damina a garin nan na ƙaramar hukumar Goronyo da ya karɓi 'yan gudun hijira daga yankin Sabon Birni da Isa. Ba za a rubuta sunansa ba, kun san dalili. Baƙin sun sauka a makarantar firamare da kangwaye, rijiyoyin da ke isar gari a da suka koma cikin layi tun asuba. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, kada rijiyar guga ta ɗauki fiye da mutum 400, famfon tuƙa-tuƙa kuma 500. Duk wanda ya ga annobar amai da gudawa ta 2021 ya san abin da ke biyo baya idan ruwan sama ya kwaso bayan gida ya zuba a rijiya.

An yashe rijiyoyi uku, an ɗaga bakinsu, an yi musu daɓen siminti da magudana, an kuma ware wa kowace guga da igiyarta, a rataye, ba a ƙasa ba. Masai guda da aka tarar dab da rijiya an rufe shi da izinin mai gari, an haƙa wani can gangare, tazarar ta wuce mita 30.

Wasu sun tambaya me ya sa ba a zuba kulorin, maganin tsarkake ruwa, cikin rijiyar ba a huta. Ba ya zama. Laka da dattin guga na cinye shi cikin ɗan lokaci, sabon ruwa na ɓuɓɓugowa yana tsarma shi. Don haka a bakin rijiya aka zaunar da matasa da sirinji, ana sa wa kowace jarka nata. Ga yadda ake yi, don masu karɓar aikin baɗi: a narka giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, kimanin babban cokali ɗaya shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa. A cika bokitan roba huɗu masu cin lita 20, a sa mililita 2, 3, 4 da 5 na wannan haɗin bi da bi, a jira minti 30, a gwada da ma'auni. Bokitin da ya nuna miligiram 0.5 a lita shi ne awon wannan rijiya. Awon wata rijiyar ba ya yi wa wata, kuma bayan ruwan sama mai yawa sai an sake gwaji. Ba a amfani da bokitin ƙarfe, yana cin kulorin. Ruwa mai dauɗa sai an sa alam ya kwanta, an tace, kafin a sa magani.

A makon farko an yi kuskure, hannun wasu ya yi nauyi, ruwa ya yi wari, mata suka koma ɗiba a tafki. Kwamitin mata ne ya ceci aikin. Sun shiga gida-gida, sun sha ruwan a gaban matan gida, limamin gari kuma ya yi magana bayan sallar Juma'a. Daga nan layi ya dawo. Har damina ta ɗauke ba a rufe rumfar ruwan gishiri da sukari ko kwana ɗaya ba, kuma waɗanda aka ɗauka zuwa asibiti don ƙarin ruwa duk sun dawo da ƙafarsu. Alhamdu lillahi. Matasan nan da suka wuni a rana da sirinji, da direban da ya ba da motarsa bai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah ya saka musu da alheri.

A ɓangaren lafiya, ma'aikatan jinya na cikinmu sun koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, ko cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a zubar idan ya yi awa 24. An auna dantsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Wanda ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka loɓa bayan an danna daƙiƙa uku, an tura shi cibiyar tamowa. Yaron da aka gani da gyambon dasashi mai wari an kawo shi Asibitin Noma na nan Sakkwato, mai kula da ciwon da ke cin baki da fuska, tun kafin ciwon ya ci kunci. Sai dai ƙwayar zink ta yanke mana a tsakiyar Agusta. Ƙa'idar da muka bi ita ce a ba yaro mai gudawa da ya kai wata shida miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, mu kuwa mun koma ba da na kwana biyar, wanda ba daidai ba ne. Kuɗi ne babu.

Yanzu maganar rijiyar burtsatse mai sola, da ake ta yi mana gori a kanta a WhatsApp. Ba a haƙa ba, gaskiya ne. An yi awon ƙasa, an biya. Mai injin haƙa ya ga hanya ya ce ba zai shigar da motarsa da yaransa ba, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa. Kafin a samu wani, farashin sumo (injin turo ruwa daga cikin rijiyar) da farantan sola da tanki ya wuce lissafinmu, don tun faɗuwar naira da cire tallafin mai a 2023 ba kayan da ke kwana a kuɗinsa. Kuɗin haƙan na cikin asusu, ba a taɓa ko kwabo ba, ma'aji zai zo da takardar banki. Mai zargi ya zo taro ya duba.

Famfon tuƙa-tuƙa na bakin makaranta ma gyaransa bai yi ƙarko ba. An canza robobin silinda da sarƙa, ya yi wata biyu ya koma. Da aka zaro bututun, masu mita uku-uku, sai ga tsatsa ta huda su wajen zare, ruwa na tsiyayewa da dare, da safe a yi ta bugu ba ɗigo. Maganinsa a canza layin gaba ɗaya da wanda ba ya tsatsa. Faci ɓarnar kuɗi ce.

Duk wannan ya komo kan kuɗin wata. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen rajista ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin babbar sallar bara, amma shi ne na farko wajen tura hotunan aikin da "mun yi". Ba a sayen kulorin da "Allah ya ba da lada". Ma'aji ɗan sa-kai ne kamar kowa, yana da iyali da sana'a, bai kamata ya riƙa bin dattawa shago-shago kamar mai bara ba. Wanda hali ya matse ya faɗa a asirce, an san yadda gari yake, za a ɗaga masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kulorin da zink da ƙunshin ruwan gishiri sai a saye su cikin Mayu, ba kafin nan ba, don zafin Afrilu na rage wa kulorin ƙarfi kuma ba mu da ɗakin ajiya mai sanyi. Saboda haka a biya bashi kafin ƙarshen Afrilu. Kwamiti ya amince a karanta sunayen masu bashin wata shida zuwa sama a taro mai zuwa. Ana kuma neman ƙarin mata huɗu masu shiga gidaje, da mai gyaran famfo ɗaya da zai yarda ya kwana a can.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa