Zuwa ga Yaya, daga Salerno, ƙasar Italiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, alhamdulillahi.

Na tura Yuro 300 ta hannun mutumin da ka sani, za ka karɓi kusan jaka 196 na sefa. A fitar da na maganin Inna tukuna, a sayi gero tun da kaka ce, kafin ya hau. Abin da ya rage ya zauna a hannunka. Ko dala kada ta shiga hannun Auta.

Goggo ce ta faɗa mini a waya wai ya sa babur ɗinsa a kasuwa, yana cewa Agadas za shi, ya kama hanyar Turai. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Na san tun da aka soke dokar hana safarar baƙin haure a Nijar a ƙarshen 2023 masu mota suka dawo suna zuga yara. Na kuma san zai ce ai ni ma ta nan na bi. Gaskiya ne, shi ya sa nake da bakin magana. Ka gaya masa a Oktoban 2013 mutum 368 suka mutu a teku daf da tsibirin Lampedusa na Italiya, suna hango gaɓa. A Cutro, a kudancin Italiya, a 2023 haka aka yi, jirgi ya tarwatse a bakin ruwa. Wanda ya tsira ma wahala ce ke jiransa: daga Lampedusa a ɗora shi a jirgin fito zuwa Sisili, sai zaman sansani da jiran takarda.

Hotunan da na sa a Facebook su suka ruɗe shi, na gane. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Garuruwan Amalfi da Positano da Cetara duk a jikin dutse suke maƙale, gida bisa gida, teku a ƙasa. Hanyar mota ɗaya ce, ƴar siririya mai kwana-kwana, don haka da safe jirgin fito nake shiga daga Salerno, kusan rabin awa na isa Amalfi. A ɗakin girkin wani otel nake, wanke-wanke da ɗauko kaya daga bakin ruwa. Matakala ce ko'ina, har lemun tsamin da suke nomawa a kan tudu a gadon baya ake sauko da shi. Gwiwa takan ɗan yi ciwo, amma ba wani abu ba ne, kada ka gaya wa Inna. Mai gidan ya yarda da ni, yanzu ni ke riƙe makullin sito.

Sai dai aikin na lokaci ne. Ƙarshen Oktoba baƙi suna watsewa, jiragen nan na bakin gaɓa su daina tashi sai wajen Afrilu, otel-otel da yawa su rufe. Na Napoli masu zuwa tsibiran Capri da Ischia da Procida ne ke aiki duk shekara, su ma in teku ya ɗaga sai su tsaya. Zan nemi wani abu a Napoli, akwai ƴan'uwa wajen dandalin Piazza Garibaldi, can nake samun sallar Juma'a in na samu hutu. Saboda haka wannan kuɗin ku lallaɓa shi, mai yiwuwa a jima kafin wani ya zo.

Wallahi kunya nake ji, Inna na kwance, kai kaɗai kake ɗauke da gida. Wani lokaci ina cikin jirgi sai fura ta faɗo mini a rai in rasa abin da ke mini daɗi.

Ka zaunar da Auta gaban Kawu. In jari yake so, ya yi haƙuri zuwa lokacin da aiki zai dawo, ni zan saya masa kayan shago da izinin Allah. Amma babur kada a sayar, kuɗin nan kuma kada ya taɓa. Ka kira ni ranar da ka karɓa, ka ba Inna wayar.

Ƙaninka