Zancen hatsin tsuntsaye, da saƙon kuɗin gero

Lesta, Ingila
Daren Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da su Inna. Yaya ƙafar Inna da wannan hunturu? Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Na turo fam 350 ranar Juma'a ta hanyar da muka saba. Kafin a taɓa ko kwabo, ka ware kuɗin asibitin Inna da maganinta na wata biyu. Kuɗin makarantar Auta ka kai da ƙafarka, kada ka damƙa masa a hannu. Abin da ya rage a sayi gero yanzu, tun farashi bai tashi ba. Na rumbu kuma kada a buɗe shi don sayarwa, ko wa ya zo da kuka. Ka tuna bara waccan, da muka sayar da kaka muka dawo muna aunar mudu da damina.

Abin da ya hana ni barci har na zauna rubutu shi ne maganar da ta iso ni. An ce a gidan sunan jikar Gwaggo an yi ta miƙa wa juna hoton nan da na tura wa Auta, wai ina Ingila ina sayen hatsi buhu-buhu ina zuba wa tsuntsaye, uwata tana shan koko babu sukari. An ce har Kawu ya sa baki. Yaya, maganar ta ƙona mini rai. A waya ba na samun ƙarasa zance, kowa sai ya karɓa ya gaisa, layi ya katse. Don haka ka zauna ka karanta wa Inna wannan daga farko har ƙarshe.

Hatsin ba nawa ba ne. Na tsohon da nake jinya ne, da kuɗinsa ake saye, 'yarsa ce take yin oda a kawo har ƙofa. Shekararsa 87. Marigayiya matarsa ce ta kafa wuraren abincin a bayan gida, shi kuma yanzu mantuwa ta kama shi. Akwai ranar da ba ya gane 'yar cikinsa, amma tsuntsu bai taɓa sauka ya kasa faɗin sunansa ba. In na zaunar da shi yana fuskantar bango, cokali biyu zai ci ya ture kwanon. In na juya kujerar ta kalli taga, sai ya cinye tas bai ma sani ba. To ka ga cika wa tsuntsayen nan abinci aikina ne, kamar yadda wanka da ba da magani suke aikina. A kansa ake biyana, daga cikinsa na turo abin da na turo.

Abin da aka gani a hoton gorar roba ce doguwa kamar tsawon hannu, a rataye a sandar ƙarfe, da 'yan ƙofofi da wurin da tsuntsu zai tsaya. Uku ne, kowace da abin da ake zuba mata. Waɗanda tsohon ya fi ƙauna dangin kanari ne, irin na Auta, sai dai su ba a keji suke ba.

Akwai wanda suke ce wa golfinci, ni kuwa mai jan fuska nake kiransa. Fuskarsa ja wur kamar an tsoma ta a lalle, fiffikensa baƙi da ratsin rawaya. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai su shida, su takwas, suna surutu. Bakinsa siriri ne kamar hantsaki, da shi yake zaro 'ya'yan ciyawa masu ƙaya a daji. Shi aka rataya wa gora mai 'yan mitsi-mitsin ramuka, ana zuba mata wani baƙin iri da bai kai riɗi kauri ba amma ya fi shi tsawo. Naija suke ce masa, wani buhun ma a rubuta shi kamar sunan Nijar. Ranar da na fara gani gabana ya faɗi, na ɗauka daga wajenmu ne, ko daga ƙetaren Maigatari. Ashe daga Habasha da Indiya ake kawo shi, a Habasha ma mai suke matsewa daga cikinsa su yi girki. Amma ka ji halin tsuntsu: in dai akwai ɓararrun 'ya'yan sanfulawa, wannan furen mai faɗin faranti, mai jan fuska ba ya kallon baƙin irin sai in wuri ya cika babu inda zai tsaya. Gorar sanfulawa kwana biyu ta ƙare, ta baƙin iri sai ta yi mako biyu.

Sai girinfinci, kore, mai kauri, mafaɗaci. Shi bakinsa gajere ne mai ƙarfi, ba sai an ɓare masa ba. Zai ɗauki baƙar ƙwayar sanfulawa da ɓawonta, ya juya ta a baki da harshe, ka ga ɓawon ya rabe biyu ya faɗo, ya haɗiye tsakiyar, duk kafin ka ƙifta ido sau biyu. In ya kama wuri ba ya tashi, wanda ya matso ya buɗe masa baki da fiffike. Cafinci kuwa bai cika son rataya ba, a ƙasa yake tafiya yana gyaɗa kai yana tsintar abin da na sama suka zubar. Cikin makon nan wasu ƙanana suka fara zuwa, siskin, rawaya da kore, namijin da baƙar hula. Su ne suke cin baƙin irin sosai, har su juya kai ƙasa suna ci. Tsohon ya ce sai ƙarshen sanyi suke shigowa gidaje, in abincin daji ya ƙare. Na farko da na gani na tsaya da tsintsiya a hannu, don sak kanarin Baba da ke rataye a zaure.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na watan Nuwamba. 'Yarsa ta ga kuɗi suna tafiya, ta yi odar gauraye mai araha. Da na farke buhun sai ga alkama, da ɓarzajjen masara, da jar dawa, da gero. Ba irin geronmu ba ne, ƙwayarsa ta fi santsi da sheƙi, amma gero ne. Na sa hannu na damƙo na shinshina. Na cika gora. Yaya, tsuntsayen nan suka sauka suka riƙa sharɓe shi da baki suna watsarwa ƙasa, suna tonon 'yar sanfulawar da ke ciki. Kafin mako ƙarƙashin sandar ya yi tsibi, ruwa ya jiƙa shi, ya fara tsiro da ruɓa. Manyan tantabarun daji suka cika wurin, daga baya na ga ɓera da rana tsaka. Aka ce in kwashe in zubar. Na kwashe ya fi mudu biyu na zuba a shara. Na tsaya a bakin mazubin sharar ina tuna mu a kan rumfa a fadamar Haɗeja tun asuba, da gwangwani da majajjawa, muna korar jan baki har murya ta dushe, da Inna a masussuka tana durƙushe tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya daga cikin yashi. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Daga baya na gane ba iskanci ba ne. Daren nan a tsakiyar sanyi yana kai awa 16, tsuntsun da bai fi babban yatsa biyu ba dole ya kwana da kitse a jiki, in ba haka ba safiya ba za ta same shi ba. Mai yake nema, kuma sanfulawa da baƙin iri su ne masu mai. Gero da alkama gari ne, na gwara da kurciya. Na yi wa 'yar bayani da Turancina, na ce mai arahar nan ya fi tsada tunda rabinsa shara yake tafiya. Ta koma sayen na da. Har ta ce ban da ni ba wanda ya taɓa lura.

Zan faɗi gaskiya don kada wani ya ce na ɓoye. Sau ɗaya na saya da kuɗina, ƙaramar jaka ta fam 6, makon da ƙanƙara ta rufe hanya oda ba ta iso ba, tsohon yana zaune a taga yana tambayata ina suka tafi. Fam 6 ne, kuma na san abin da zai saya a gida, ba sai an tuna mini ba. Amma ban rage ko sisi daga abin da nake turowa ba. Shekara uku ban taɓa tsallake wata ba, kai shaida ne. Wanda ya ga na gaza ya fito ya faɗa a gabanka. Kuma Baba da kansa, in jan baki suka yi mana ɓarna, yakan ce abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce. Kawu yana nan ake faɗa.

Yanzu maganar Auta. Akwai wata cuta da ta shiga waɗannan tsuntsaye a ƙasar nan tun 2005, daga tantabaru ta samo asali. Maƙogwaro take kamawa, ya kumbura, tsuntsu ya ɗauki ƙwaya ya kasa haɗiyewa ya tofar da ita da yawu, wani ya zo ya ci, ko su sha ruwa a kwano ɗaya. Koren nan ta fi yi wa ɓarna, fiye da rabinsu sun ƙare, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Ka'ida ita ce a wanke gorunan duk mako, a bar su su bushe sarai, ruwa kuma a sauya kullum. Da kaka na yi sakaci, aiki ya yi yawa don an ƙara mini wani gida da dare, na yi mako uku ban wanke ba. Wata safiya na ga kore ɗaya a ƙasa ya kumbura gashi, fuskarsa a jiƙe, ƙwaya ta manne masa a baki, na matso bai tashi ba. Washegari ya mutu. Dole aka sauke komai na makonni, tsohon ya rage cin abinci har ya rame. Laifina ne, kuma har yau yana raina.

Na ga a hoton da Auta ya turo kejin kanarinsa yana ƙarƙashin ɗakin tantabaru, kuma kasko ɗaya yake ɗibar musu ruwa. Ka sa ya raba. Ya matsar da kejin, ya riƙa wanke kwanon ruwa kullum, ya busar da na abinci a rana, accar da ta jiƙa ya zubar. In ya ga tantabara tana miƙa wuya tana kasa haɗiya, ya ware ta nan take. Kuma na ji an ce kuɗin jarrabawar da na turo a baya ne ya sayi kanari na biyu da su. Ban yi masa magana ba don kada in yi zafi. Kai ka tambaye shi, a hankali, ba a gaban Inna ba. Ni na fara koya masa son tsuntsu, na sani, amma makaranta ce gaba.

Makon jiya aka yi ƙidayar tsuntsaye ta ƙasa baki ɗaya, wadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB take shiryawa duk ƙarshen Janairu tun 1979. Awa ɗaya mutum zai zauna ya ƙirga abin da ya sauka a gidansa. Tsohon yana faɗa ni ina rubutawa: mai jan fuska 9, cafinci 3, kore 2. Da ya ga koren biyu ya kama hannuna ya riƙe, ya kira ni da sunan matarsa.

Sanyi akwai shi amma na saba. Gwiwar ta ɗan motsa, ba wani abu ba ne, kada a gaya wa Inna. Zuwa gida bana da wuya, sai an sabunta takarda.

Ka tuna: asibitin Inna tukuna, sai makaranta da ƙafarka, sai gero. Kada kuɗi su bi ta hannun Auta. A saya wa Inna sukari da madara daga ciki, ka kai mata da kanka ka ce daga ni. In an auno geron ka ɗauki hoton buhunan ka turo mini, ka gaya mini nawa aka sayi kowanne. Ka gaida Gwaggo da mai jego, ka gaida Kawu.

Ƙaninka