Masu shirin hawan Kilimanjaro, kada ku yi rowar kwana guda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu. Tun da na dawo daga Tanzaniya, samari ke tare ni a fada nan Yamai suna son ganin hotunan Kilimanjaro, wasu har sun fara adashin tafiya. Tambayarsu ɗaya ce: nawa ka kashe? Babu wanda ya tambaye ni kwana nawa na yi a kan dutsen, alhali a nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna.

A watan Agusta muka tafi, ni da ɗan ƙanwata. Lokacin da damina ke tsakiyarta a wurinmu, can rani ne mai sanyi, shi ya sa mahaya ke cika dutsen. Muka zaɓi hanyar Machame, wadda ake yi a kwana 6 ko 7. A garin Moshi jagoranmu ya ba mu shawarar 7, don mu kwana a zangon Karanga jikinmu ya saba da ƙarancin iska. Na lissafa kuɗin, na ce 6 ta isa. Ɗan ƙanwar tawa yaro ne ɗan shekara 24 mai buga ƙwallo, ni kuwa na taɓa hawan dutsen Bagzan a Ayar. Ban tsaya na tuna cewa ƙololuwar Bagzan mita 2,022 ce ba, ta Kilimanjaro kuwa, wadda ake kira Uhuru, 5,895, mu kuma mun taso daga bakin kogin Kwara inda tsayin ƙasa bai fi mita 200 da ɗoriya ba.

"Pole pole," haka ƴan dako ke ce mana da Sawahili duk sanda suka wuce mu da kaya a ka, wato sannu a hankali. Ni na ji, don gwiwa ta tilasta mini. Yaron kuwa kullum yana gaba.

A zangon Barafu, sama da mita 4,600, ya ƙi cin abinci. Na miƙa masa kilishin da muka taho da shi, ya kawar da kai. Can cikin dare na ji shi yana amai a bakin tanti, ya ce, "Kawu, kaina kamar ana sara da gatari." Jagora ya maƙala masa ɗan abin awon iskar jini a yatsa, ya sa shi ya yi tafiya a kan layi, sai ga shi yana tangaɗi. Jagoran bai yi wata-wata ba ya ce a sauka da shi yanzu. Ciwon tsauni ne, wanda ƙarancin iska ke kawowa, ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya, kuma maganinsa na gaskiya sauka ne. Yaron da kansa ya rantsar da ni sai na ƙarasa, mataimakin jagora ya riƙe shi suka gangara.

Na ƙarasa. Da asuba ruwan gorata ya daskare, da taimama na yi salla. Rana na fitowa na ga ƙanƙarar saman dutsen tsaye kamar katangar gidan sama, fara da ratsin shuɗi, a kan baƙar tsakuwar da aman wutar dutsen ya bari. Masana sun ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da ke wurin a 1912 ta riga ta narke. Yaron ne mai ƙuruciyar da ya kamata ya gan ta ya ba jikokinsa labari, ni kuma na hana shi saboda kuɗin kwana guda.

Don haka ƴaƴana masu adashi, ku ɗauki hanya mai kwanaki da yawa, ku ga likita kafin ku tashi, kuma in jagora ya ce a sauka, kada ku yi masa gardama. Ku ware wa ƴan dako hasafinsu tun daga gida, su ne ke ɗauke da tantinku da ruwanku.

Yaron ya warke sarai, alhamdu lillahi. Na fara tara masa kuɗin komawa, wannan karon na kwana 7.

Naku,
Wani mai karatunku daga unguwar Bukoki, Yamai