Kira ga masu ƙananan motoci: a auna ƙasan mota kafin a sayi jak

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana direbobi, musamman masu Golf da Fijo 406 da Civic da sauran motocin da cikinsu ke daf da ƙasa. Ni direban haya ne, shekarata 14 ina riƙe da sitiyari, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gumel. Maganata a kan jak ce, wannan ƙarfen da muke jefawa cikin but, ba ma sake tunawa da shi sai ranar da taya ta yi faci.

Wata Alhamis da kaka na taso daga kasuwar Maigatari bayan la'asar, Golf ɗina cike da fasinja, ga buhun riɗi biyu a baya. Na sauka daga kwalta na kama hanyar ƙauyenmu ke nan, tayar baya ta hagu ta sace. Hankalina bai tashi ba, domin ina da jak irin mai kamar kwalba, an rubuta tan 5 a jikinsa. Ranar da na saye shi wannan rubutun kaɗai na duba. Na durƙusa na tura shi, sai kansa ya daki gefen mota. Ya fi wurin tsawo da kusan faɗin tafin hannu. Muka sauke mutane da kaya, muka tona yashi da hannu muka yi masa gurbi. Ya shiga, amma ina buga shi yana nutsewa. Da ƙyar mota ta ɗaga, na zare taya, sai jak ya karkace, mota ta zame ta dira a ƙasa. Ɗan ƙanwata da ke mini yaron mota bai daɗe da janye hannunsa daga ƙarƙashi ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Sai da samarin wani ƙauye suka zo suka ciccibi motar muka tura gungume, muka isa gida bayan isha.

Washegari na kai tayar wurin wani dattijo mai faci, na ba shi labari. Bai ce mini uffan ba sai da ya sace iskar tayar gaba gaba ɗaya, ya karyo karan dawa, ya tsayar da shi daga ƙasa zuwa wurin da ake kafa jak, ya yanke daidai nan. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, da wannan za ka je kasuwa. Duk jak ɗin da ya fi karan nan tsawo a kwance, ba naka ba ne." Da na gwada karan da tef, santimita 11 ne. Wurin nan kuwa idan taya na da iska ya kai 18.

Nan ne yawancinmu muke kuskure. Muna gwada jak a bakin shago, taya cike da iska, mota ba kaya, ya shige sumul, mu biya. Ranar da za a buƙace shi kuwa motar ta riga ta durƙusa. Lambar da ke jikin taya ma tana faɗa wa mai lura. Tawa 185/60 R14 ce, wato tsayin robar daga bakin rim zuwa ƙasa kashi 60 cikin 100 na milimita 185, kusan santimita 11. Idan iska ta fita, mafi yawan wannan tsayin ya tafi. Ƙara da nauyin buhu, ƙara da shok ɗin da ramukan hanya suka gajiyar.

Maganar tan ba ita ce damuwarmu ba. Golf ɗina gaba ɗayanta ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, kuma jak ɓangare guda yake ɗagawa. Mai tan 2 ya wadatar da duk wata ƙaramar mota. Tan 5 na masu babbar mota ne.

Abin da ya dace da mota mai ƙasa-ƙasa shi ne jak na kwance, mai ƙananan tayoyin ƙarfe da dogon hannun bugawa, irin wanda ake gani a wurin masu faci. Amma shi ma iri-iri ne. Ƙaramin da ya fi yawa a kasuwa, mai zuwa cikin akwatin roba, tsayinsa a kwance wajen santimita 13 ne, kun ga shi ma karan dattijon nan zai kayar da shi. Akwai mai siririn baki wanda ke sauka har santimita 8 ko 9. Shi na nema a Ƙofar Ruwa a Kano, na zaga shago-shago da karana a aljihu har na samu. A kuma duba iyakar tashinsa, domin tayar da za ka mayar cike take da iska, ta fi wadda ka cire tsawo, kuma ƙafar mota takan zubo ƙasa idan an ɗaga jikinta. Nawa yana haura santimita 35, ya ishe ni. Manya masu tan 3 na ƙarfe suna da daɗin aiki, amma nauyinsu kan wuce kilo 30, sun fi dacewa da gareji. Ga mai haya, gurbin da zai cinye a but gurbin buhu ne.

Akwai kuma abin da waɗanda suka ƙera jak ɗin nan ba su yi lissafinsa da mu ba. Don daɓen siminti aka yi shi, mu kuwa sunan jiharmu ma daga jigayin yashi ya samo asali. Hannun da ke ɗaga mota a jak na kwance ba a miƙe yake tashi ba, lanƙwasowa yake yi baya, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ciki a kan tayoyinsa yayin da mota ke ɗagawa. A kan yashi tayoyin nutsewa suke, ba sa motsi, sai bakinsa ya riƙa jan mota har ya zame. Shi ya sa ba na fita ba tare da katako biyu ba. Ɗaya mai faɗi da kauri wanda jak zai zauna a kai duka, har da ragowar wurin gangarawa. Nakan share yashi in nutsar da shi daidai da ƙasa don kada kaurinsa ya cinye mini tsayi. Ɗayan gajere ne, in abin ya matse sai in taka shi da tayar da ta sace, motar ta ɗan ɗago, jak ya samu hanya.

Wurin kafawa ma a kula. A ƙasan ƙofa akwai wani siririn ƙarfe da ya bi tsawon mota, an yi masa alama bayan tayar gaba da kuma gaban tayar baya. Nan ne aka ƙarfafa don jak. Na sha ganin yara sun kafa a tsakiyar ƙasan mota sun lotsa shi, wani ma a ƙarƙashin kaskon man inji. Ni na yanko guntun tsohuwar taya na tsaga shi a tsakiya, ina ɗorawa a bakin jak don kada ya murƙushe ƙarfen. Sauran kuwa kowane yaron mota ya sani, sai dai gaggawa kan sa a tsallake: birkin hannu, a sa giya, waigi a tayar da ke ɗaya kusurwar, a sassauta noti tun taya na ƙasa.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne shiga ƙarƙashi. Jak mai aiki da mai wata 'yar roba ce a cikinsa ke riƙe da nauyin nan duka. Ranar da ta gaji ba ta sallama. Da mota ta tashi nake tura safaya kwance a ƙarƙashin gefenta, in na cire mai facin in musanya su. Hannu ko ƙafa ba sa wucewa ciki. Mai sayen na hannu kuma ya ɗaga mota da shi ya bar ta minti goma yana kallo. In ta sauka ko da kaɗan, ko ya ga mai na tsatsa, ya ajiye. In mansa ya ragu kada a zuba man birki, yana cinye robar. Man jak daban yake.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu a tashoshin Gumel da Gujungu da Maigatari da sauransu: idan ana duba safaya da abin kashe gobara, a riƙa cewa direba ya fito da jak ɗinsa a ga yana aiki, a ga kuma ya dace da motar. Masu shago su ma, don Allah, in mutum ya zo saye a tambaye shi wace mota gare shi kafin a nuna masa yawan tan. Karan nan har yanzu yana cikin motata, duk mai Golf da ya same ni a tasha zan ara masa ya gwada nasa.

Na gode da wannan fili. Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.

Naka,
Wani direban haya,
daga yankin Gumel, Jihar Jigawa.