Wasiƙa Zuwa Ga Baba Kafin Tafiyar Umara

Jidda, Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da ƙannena baki ɗaya. Yaya ya sanar da ni cewa bizar Umara ta fito, Allah Ya sa a yi ibada karɓaɓɓiya. Ya kuma ce kuna sa ran, tunda a filin jirgi nake aiki, za ku gan ni a bakin jirgi da zarar kun sauko. Baba, hakan ba zai yiwu ba, kuma na ga ya dace in bayyana muku dalili tun yanzu don kada ku ɗauka sakaci ne daga gare ni.

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kamar manyan filaye da yawa, an tsara shi ne yadda mai tashi da mai sauka ba za su gauraya ba. Kowane ɓangare da hanyarsa, kuma ƙofar da fasinja ya wuce ba ta buɗe masa ya koma baya. Ni a ɓangaren masu tashi nake aikin tsabta, kuma katin da ke rataye a wuyana ba ya buɗe ƙofar ɓangaren masu sauka. Ma'aikacin da aka kama a inda ba wurinsa ba yana iya rasa aikinsa, wanda kuma takardar zamansa ke rataye a kan aikin ba ya wasa da wannan.

Mai tashi an riga an caje shi, an haska jakarsa a na'ura, an karɓe duk abin ruwa da ya wuce mililita 100, dokar da ta fara aiki a 2006. Idan aka bar shi ya haɗu da wanda ya sauko daga wata ƙasa, sai wani ya miƙa wa wani ƙunshi, ko su yi musayar fasfo da takardar shiga jirgi, aikin masu bincike duka ya tashi a banza. A Amurka da can 'yan rakiya har ƙofar jirgi suke kai mutum, sai bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana.

Mai sauka kuwa, ko da ƙafarsa ta taka ƙasar Jidda, a wurin hukuma bai shigo Saudiyya ba tukuna, sai jami'in shige da fice ya duba bizarsa, ya ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa. Daga nan ne za ku ɗauki jakarku, ku wuce kwastan. A duk tsawon wannan hanya ba a barin ɗan tarba ya shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙo. Na san halinku na rashin iya cewa a'a, kuma na san za a yi ta kawo muku ƙunshi a kai wa wane a Makka. Don Allah kada ku karɓi abin da ba ku buɗe da hannunku ba, ko a gida, ko a filin Malam Aminu Kano, ko a inda za ku ya da zango ku canza jirgi. Duk abin da aka samu a jakarku naku ne a idon hukuma, hukuncin safarar ƙwaya a nan kuma yana kaiwa ga kisa. Goro ma ku bar shi a gida, maganin hawan jininku kuma ya zauna cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Na duba tikitinku, a sabon gini za ku sauka. Idan kun fito daga kwastan, ku nemi ƙaton tankin gilashi mai kifaye a ciki, wanda ya yi tsayin bene. A gindinsa zan tsaya, na riga na nemi hutun ranar.

A gaida Inna, a ce ta sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.